Rigar aiki ta lilin, ɗinkin hannu: ta cancanci kuɗinta ga mai zane?

"Assalamu alaikum. Ni mai zane ce, da fentin mai nake aiki, wani lokaci kuma nakan taɓa ginin yumɓu. Rigar da nake ɗaurawa a gaba don kare tufafina ta auduga ce. Ba ta daɗewa take sandarewa da fenti, aljihunta ya yage, igiyar wuyanta kuma tana sa mini ciwon wuya. Na ga masu ɗinka irinta da yadin lilin suna cewa ɗinkin hannu ce, kuɗinta ya ninka na wadda na saba saya. Shin lilin ya fi auduga da gaske, ko ado ne kawai? Idan zan saya, ko in ba tela ya ɗinka mini, me ya kamata in duba?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan na fahimce ki, so kike ki san ko sauya yadi zai raba ki da damuwar da rigarki ta yanzu take ba ki, da kuma yadda za ki gane mai kyau kafin kuɗi ya bar hannunki. Gara in faɗa miki tun daga farko: cikin ƙorafin da kika kawo babu wanda lilin zai magance shi kaɗai. Ciwon wuya daga yanka yake. Yagewar aljihu daga ɗinki take. Sandarewa kuwa halin fenti ne, a kan kowane yadi ya bushe haka zai yi. Duk da haka, da ni za ki ba aikin, lilin ɗin zan zaɓa miki don zanenki, amma saboda wasu dalilai daban da waɗanda masu talla suka fi ambata.

Sana'ata ɗinkin tufafin aiki ce, kuma yawan abin da na sani daga gyara na koye shi. Rigar da aka kawo gyara tana nuna wa tela inda aikin mai ita yake cinta. Ta mai zane takan mutu a layin ciki, inda take jingina da teburi, da kuma cinyar dama inda hannu yake sharce burushi ba tare da mai shi ya sani ba. Ta kafinta a bakin aljihu take fara ɓarkewa. Ta magini a cinya da gwiwa. Da wuya a kawo mini wadda tsakiyar yadinta ya gaji alhali ɗinkinta yana nan garau.

Abin da lilin yake

Daga karan wata shuka ake samunsa, wadda masana tsirrai suke kira Linum usitatissimum. Siririya ce, tsayinta kusan mita ɗaya, tana da ɗan fure shuɗi, takan nuna cikin kwana 100 ko kusa da haka. Ba a yanke ta, tuge ta ake yi da saiwarta don kada a rage tsawon zaren. Sai a shimfiɗa ta a gona makonni, raɓa da ruwan sama da rana su ruɓar da danƙon da ya manne zaren da itacen kara, sannan a farfasa karan, a kakkaɓe, a taje. Wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa karan rama a sale ɓawonsa don igiya ya ga kusan irin aikin. A wajen tajewar ne ake raba dogon zare da gajere. Dogon shi ne mai santsi da ƙarfi, gajeren kuma ana kaɗa shi ya zama zare mai kauri da gudaji. Mafi yawan dogon zaren da duniya take amfani da shi a yau a arewacin Faransa ake nomansa, musamman yankin Normandi, sai Beljiyam da Holan. Da yawa daga cikinsa kuma ana kai shi Sin a kaɗa a saƙa, shi ya sa ki ga yadi an rubuta lilin na Turai ne alhali a wata nahiyar aka saƙa shi, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Tsawon nan yana cikin manyan abubuwan da lilin ya fi auduga da su. Silin auduga ba ya wuce 'yan santimita, na lilin kuwa yakan kai rabin mita har ya wuce. Zaren da aka kaɗa da gajerun silla yana da dubban ƙananan bakuna da suke leƙowa, su ne gashi-gashin da ake gani a fuskar yadin auduga, su ne kuma suke karyewa su tashi. Lilin ba shi da wannan sai kaɗan. A gare ki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kin san takaicin ganin silin zare ya kwanta a kan ɗanyen fenti ko a kan man ƙyalli da bai bushe ba. Bayan haka yana shan ruwa da sauri yana kuma sakinsa da sauri: yakan ɗauki danshi kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa kafin hannu ya ji shi a jiƙe. Ki share hannu a jikinsa, kafin ki sake buƙata ya sha iska. Ba ya riƙe zafi a jiki, wanda ya wuni a tsaye a ɗaki mai zafi yana jin bambancin. Kuma idan ya jiƙe ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, don haka yawan wanki ba ya kashe shi da wuri. Laushi ma yake ƙarawa.

Rauninsa kuma daga wuri ɗaya ya fito. Zaren lilin ba ya miƙewa. Da an ja shi ya ƙaru da kashi 2 ko 3 cikin 100, sai ya tsinke. Shi ya sa yake yamutsewa, shi ya sa kuma idan ana ninke shi a layi ɗaya kullum ana danne layin da dutsen guga, wata rana nan zai tsage kamar an sa reza. Ba ya jure gurza kamar yadda yake jure ja. Idan aikin mutum na goga ciki ne da bakin katako mai kaushi ko dutse, kakkauran yadin auduga irin na tanti ko na jins zai fi daɗe masa. Masu talla suna son ambaton rigar Tarkhan, wadda aka tono a Masar, ta haura shekara 5,000, tana ajiye a gidan tarihi na Petrie a Landan. Gaskiya ne ta lilin ce. Amma a busasshen kabari ta yi waɗannan shekarun, abin da ta nuna shi ne lilin yana jure ajiya a inda babu danshi.

Fenti da yumɓu

Kin fi ni sanin dalilin da ya sa ba a ɗora fentin mai kai tsaye a kan ɗanyen ƙyallen zane sai an shafe shi da danƙo ko farin shafe tukuna. Man da ke cikin fentin, wanda daga irin wannan shukar ta lilin ake matso shi, idan ya ratsa zare ya bushe yana sa shi gautsi da shekaru. Abin da yake yi wa ƙyallen zanenki shi yake yi wa rigarki. Inda fenti ya taru ya yi ɓawo, yadin ba ya lanƙwasuwa, sai ya koma lanƙwasa a gefen ɓawon, a layi ɗaya, har ya karye a nan. Auduga da lilin duk haka suke yi. Ɗan fifikon lilin shi ne santsin zarensa yana sa ɗanyen fenti da datti su fi saurin fita idan an kama su da wuri. Maganin na gaskiya shi ne rigar ta daina zama tsumman share burushi. Ki sa a ɗinka miki ɗan maɗauki a ƙugu, ta gefen hannun da kike aiki da shi, ki rataya tsumma a nan. Hannu zai je inda ya saba zuwa, ya tarar da tsumma. Wannan ɗan maɗaukin ya fi kowane irin yadi tsawaita ran rigar mai zane.

Tun da maganar tsumma ta zo, kada ki dunƙule wanda ya sha man fenti ki cusa a aljihu ko ki jefa a kwandon shara. Man nan ba ƙafewa yake yi ba, haɗuwa yake yi da iska, kuma haɗuwar tana fitar da zafi. A dunƙulallen tsumma zafin ba shi da hanyar fita, yana iya taruwa har wuta ta tashi da kanta. An sha yin gobara a ɗakunan zane da shagunan kafintoci ta wannan hanya. Ki baza shi a fili ya bushe, ko ki nutsa shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi. Rigar kanta idan mai ya zube mata sosai, haka za ki yi da ita.

Sannan ki sani lilin ba ya hana ruwa wucewa. Sha yake yi. Ɗigon fenti da fantsama zai tare su, amma idan kofin tina, wato ruwan tsinka fenti, ko mai ya kife miki a cinya, zai ratsa har fata. Mai rini da mai wanke-wanken sinadarai rigar roba suke buƙata.

Ginin yumɓu ne inda nake so ki dakata ki yi tunani. Yumɓu a jiƙe ba ya cutarwa. Idan ya bushe a jikin yadi, duk motsin da kika yi yana murƙushe shi ya tashi ƙura, kuma cikin ƙurar akwai silika, wato garin dutse mai laushin da ido ba ya gani, wadda shaƙarta shekara da shekaru take taurara huhu. Yadin da aka yi da zaren tsiro, auduga ne ko lilin, yana riƙe wannan ƙurar a cikin saƙarsa. Saboda haka ne a masana'antun tangaran na Ingila ƙa'idar kare lafiyar ma'aikata ta fi son tufafin foliyesta, waɗanda ba sa riƙe ta. Ke da kike taɓa ginin jefi-jefi, lilin zai yi miki, da sharaɗin ba za ki bar yumɓu ya kwana ya bushe a jikinsa ki sake ɗaurawa gobe ba. Kada ki kakkaɓe shi, ki tsoma shi a bokitin ruwa da kin gama, ki zubar da laka a waje don kada ta toshe magudana. Idan ginin ya zama aikinki na kullum, ki nemi riga ta biyu mai santsi wadda ake sharewa da jiƙaƙƙen soso. Ni tela ne, iyakata yadi da ɗinki. Abin da ya shafi iskar ɗakin da abin rufe hanci, ki ji ta bakin masu kula da lafiyar ma'aikata.

Maƙeri da mai walda kuwa ba su cikin wannan magana. Lilin yana kama wuta kamar auduga, walkin fata ne nasu.

Nauyin yadi da wankin farko

Kalmar lilin kaɗai ba ta gaya miki komai a kan ƙarfin riga, sai kin san nauyin yadin. Ana auna shi da giram a kan murabba'in mita. Na rigar sawa yakan kasance tsakanin 120 da 160, kuma da shi ake ɗinka da yawa daga cikin rigunan da suke da kyau a hoto, masu zuba da lilo. Wannan ba na aiki ba ne, fenti zai ratsa shi nan take, aljihu ba zai zauna a jikinsa ba. Ga mai zane nakan zaɓi tsakanin 220 da 280. Wanda ya haura 300 ya fi kariya, ya dace da kafinta da baduku, amma yana da nauyi a kafaɗa kuma yana daɗewa kafin ya yi laushi. Wasu masu sayarwa da oza suke rubutawa, oza 7 kusan giram 240 ke nan. Wanda ya kasa gaya miki nauyin yadinsa, ki yi hattara da sauran maganarsa.

Idan yadin yana hannunki, ɗaga shi ki kalli haske ta cikinsa. Mai kyau za ki ga ƙananan ramuka daidai wa daida, a matse. Sa babban yatsa da manuni ki tura zaren gefe: idan suka zame suka buɗe taga, saƙar sako-sako ce, haka za ta buɗe a bakin ɗinki. Nauyi da matsewar saƙa abu biyu ne, akwai yadi mai nauyi da aka saƙa da kakkauran zare a sake, kuma wanda bai kai shi nauyi ba amma matsattse zai fi shi daɗewa. Gudajin da ake gani nan da can a jikin zare ba shaidar inganci ba ne. Sun fi yawa a zaren da aka kaɗa da gajerun silla, masu yin jabu ma suna saka su da gangan don yadin ya yi kama da lilin.

Don gane na gaske, damƙe shi a tafin hannu ki saki. Lilin yana da sanyi a taɓawar farko, kuma yamutsewarsa mai kaifin layi ce, ba ta komawa. Zare sili ɗaya daga baki ki warware murɗinsa: na lilin dogaye ne, miƙaƙƙu, masu ɗan tauri da sheƙi, na auduga gajeru ne masu taushi. Idan kika ƙona silin, zaren tsiro yana warin takarda ya bar toka mai laushi, foliyesta kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Ƙonawar ba ta raba lilin da auduga, roba kawai take tonawa. Akwai tambari biyu da ake dogara da su: European Flax, wanda yanzu ake kira Masters of Flax Fibre, yana nufin a yammacin Turai aka noma zaren, Masters of Linen kuma yana nufin daga gona har saƙa a Turai aka yi. Rashinsu bai sa yadi ya zama marar kyau ba. Gaurayen lilin da auduga ma ba abin ƙi ba ne ga rigar aiki, bai kai yamutsewa ba kuma ya fi sauƙin kuɗi, abin dai a faɗa miki gaskiyar abin da kike saya.

Lilin yana tsukewa a wankin farko, sau da yawa kashi 3 zuwa 5 cikin 100, mai sakakkiyar saƙa har ya fi haka. Rigar da tsawonta santimita 90 ne tana iya rasa 3 ko 4. Rashin tsawon ma da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne yadin ya tsuke amma zaren ɗinki bai tsuke ba, sai duk layukan ɗinki su tattare, aljihu ya karkace. Don haka ba na sa almakashi a lilin sai an wanke shi da ruwa mafi zafi da zai taɓa gani, ya bushe, an goge. Idan tela za ki ba, ki wanke yadin da kanki kafin ki kai, ki fara bin bakinsa da ɗinki don kada ya warware a ruwa. Akwai kuma wanda ake sayarwa an riga an tausasa shi da duwatsu ko da sinadari. Yana da daɗi a jiki tun ranar farko kuma ya gama tsukewa, sai dai laushin nan gurzar zaren aka yi aka samo shi, an ci wani abu daga cikin kwanakinsa. Ni na fi son mai ɗan tauri wanda zai yi laushi a jikin mai shi.

Launi kuwa, ga mai zane na fi karkata ga na asali, ruwan toka mai ɗan ja wanda ba a rina ba. Riga mai launi mai ƙarfi tana mayar da haskenta a kan abin da kike zanawa idan kin matso, ta rikita miki ido. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye tabo, amma rini ba ya ratsa zaren lilin har ciki sosai, sai ki ga fararen layuka sun fito a wuraren ninki da gurza. Sabon mai duhu kuma yana iya zuba a kan farar takarda idan kin jingina. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai ki gani kafin ki saya.

Yanka da ɗinki

Ciwon wuyanki daga nan yake: igiya ɗaya ta zagaya wuya, duk nauyin riga da abin da ke aljihu ya rataya a ƙashin bayan wuya, ke kuma kina sunkuye. Ba ki sani ba kina turo kai gaba wuni guda. Ki nemi mai maɗaurai biyu da suke hawa kafaɗu su gicciye a baya su sauko ƙugu, sai nauyin ya bazu a kafaɗa da gadon baya. Faɗin maɗaurin kada ya gaza santimita 4, siriri yana nutsewa a nama. Akwai wadda ba ta da igiya sam, bayanta faifai biyu ne da suka haɗe a gicciye, ana zura ta ta kai, an fi danganta ta da Japan. Tana da daɗi ga mai aiki a tsaye, ba abin da za ki ɗaure da hannu mai fenti. Aibinta idan kin sunkuya gabanta yana rinjaya ya taɓa aiki, don haka ga magini da mai aiki a kan shimfiɗaɗɗen teburi na fi son mai ɗauri a ƙugu. Duk wanda yake aiki kusa da injin da yake juyawa kuma, ɗaurinsa a baya zai kasance, gajere, babu abin da yake reto.

Tsawo ya sauka ƙasa da gwiwa kaɗan, faɗi kuma ya zagayo har gefen ƙugu biyu, domin a gefe ake share hannu. Idan kina zama gaban faifan gini, wanda yake juyawa ana gina yumɓu a kansa, ƙafafu a buɗe, riga mai faifai ɗaya za ta tattare a tsakiya ta bar cinyoyi a fili. A tsaga ta daga ƙasan ciki zuwa ƙasa, faifan biyu su hau juna da kamar santimita 10, kowace ƙafa da nata rufin.

Yanzu aljihu. Ɗauko tsohuwar rigarki ki dubi inda ya yage. Ina kyautata zaton a kusurwar sama ne, kuma ba zaren ɗinkin ne ya tsinke ba, jikin rigar ne ya tsage, ɗan rami mai siffar kusurwa daidai inda ɗinkin ya tsaya. Duk lokacin da hannu ya shiga, ƙarfin jan yana taruwa a kan huda ɗaya ta allura, a kan zare biyu ko uku na yadin. Lilin da ba ya miƙewa ya fi auduga saurin tsagewa a irin wannan wuri, shi ya sa rigar lilin mai sakacin ɗinki za ta ba ki kunya fiye da ta audugar da kike kuka da ita. Yadda nake yi, ina yanka ɗan ƙyalle kamar santimita 3 a kowane gefe in sa shi ta ciki, bayan kusurwar, sannan in ɗinka ƙaramin alwatika ko in maimaita gajeren ɗinki a gicciye ya kama aljihu da riga da ƙyallen gaba ɗaya. Juya rigar da za ki saya ki duba bayan kusurwar. Idan ba komai a wurin sai ƙullin zare, kin ga inda za ta fara mutuwa. Kada kuma yawan aljihu ya ruɗe ki. Babba ɗaya a gefe, da siririn gidan fensir a ƙirji, sun ishe ki. Aljihun gaba mai buɗaɗɗen baki matattarar ƙura ne da busasshen yumɓu, wuƙar haɗa fenti kuma tana huda gindinsa.

Lilin yana warwarewa a baki fiye da yawancin yadi, don haka kada a bar ɗanyen baki ko'ina. Kalmasa ninki biyu za a yi. Inda faifai biyu suka haɗu, a yi irin haɗin da kike gani a gefen wandon jins, wanda ake cusa baki ɗaya cikin ɗaya a danne da layi biyu. Bin baki da injin wibin kaɗai ya fi sauri, amma wanki yana cinye shi. Maɗauri a cusa bakinsa cikin kalmasa, a ɗago shi, a ɗinka akwati da gicciye a ciki. Yanka ya bi zaren yadin: tela mai kula yakan zare sili ɗaya ya bi layinsa da almakashi, in ba haka ba rigar za ta murɗe bayan wanki. Lanƙwasar da ke ƙarƙashin hammata a karkace take yanke zare, tana saki, sai an bi ta da ƙyallen ƙarfafawa. Allura lamba 90 ko 100, tazarar ɗinki milimita 2.5 zuwa 3, domin ɗinki mai ƙanƙanta sosai huda yadin yake yi a jere ya raunana shi. Ƙarfe kuma, zobe ne ko maɓalli, a raba shi da gaban riga, yana karce aiki yana kuma tsatsa.

Game da ɗinkin hannu, yawanci abin da ake nufi shi ne mutum ɗaya ko ƙaramin shago ne ya yanka ya ɗinka da keke, yadin kuwa daga masaƙar inji ya fito. Ba laifi a wannan, ɗinkin keke mai kyau ya fi ƙarfin abin da yawancin hannaye za su yi da allura. Abin da kike biya shi ne lokacin da aka ɓata a wuraren da na lissafa, da damar a auna ki, a sa aljihu a gefen hannunki, a karɓi rigar a gyara idan ta yage. Idan babu waɗannan, sunan kawai kika saya. Tela na kusa da ke wanda zai saurare ki yana iya fitar da wadda ta fi ta kanti, ki kai masa tsohuwar rigar ya ga inda tabo ya fi yawa da inda ta yage.

Wanki da gyara

Ɗanyen fentin mai, ki kankare shi da bayan wuƙa, ki danna tsumma ya tsotse, ki shafa sabulun wanke kwano a wurin kafin ruwa ya taɓa shi. Fentin akirilik da ruwa yake fita muddin bai bushe ba, idan ya bushe ya zama roba, ya zauna ke nan. Ruwa mai ɗumi kamar digiri 40 ya isa. Kada bilic ya kusance shi, yana cin zaren. Ki wanke rigar ita kaɗai, ba tare da kayan gida ba, balle na yara, domin wasu launuka suna ɗauke da dalma ko kadmiyam ko kobal. Wadda ta sha tina ko mai kada ta shiga injin busar da kaya. Girgiza ta tana jiƙe, ki ja bakunanta da hannu, ki shanya. Guga ba dole ba ce, sitaci ma babu amfaninsa a nan. Ki riƙa rataye ta maimakon ninkewa, kuma kada ki bar ta a dunƙule da danshi, fumfuna tana kama lilin.

Abin da zan ce ki yi oda ke nan: lilin marar rini mai nauyin giram 240 ko kusa, wankakke kafin yanka, maɗaurai masu gicciye a baya da ɗauri a ƙugu, tsaga a ƙasa idan kina zama gaban faifan gini, aljihu ɗaya mai ƙarfafaffen kusurwa, da maɗaukin tsumma. Ki ce a ninka yadin a layin ciki, faifai na biyu mai faɗin tafin hannu biyu, wanda za a iya farkewa a sauya idan fenti ya cinye shi. Tsohuwar ta auduga ki bar ta don ranakun shafe da aiki mai ƙazanta. Ki karɓo ragowar ƙyallen daga wajen tela, ki riƙa jefa shi cikin wanki tare da rigar lokaci-lokaci don launinsu da laushinsu su tafi tare. Idan wuri ya fara sirancewa har haske yana wucewa, a sa facin ta ciki tun bai huje ba, ya zarce raunin da santimita 2 ta kowane gefe, zarensa yana bin zaren rigar.